Farar Takarda da Ta Zama Ruwa

A shekarar 1863 Johan Barthold Jongkind, mai zane ɗan ƙasar Holan mazaunin Faransa, ya zana mashigar tashar jiragen ruwa ta Honfleur, ƙaramin gari a bakin kogin Seine, daura da Le Havre. Ba fenti ya sa ba. Farantin jan ƙarfe ya shafe da kaki, ya bi shi da allura yana kartawa, sannan ya tsoma shi cikin ruwan asid. Duk inda allura ta yaye kaki, nan asid ke ci ya bar kwari. Sai a cusa tawada, a goge saman farantin, a ɗora takarda mai danshi a matse da inji. Zanen yakan fito a juye, kamar na hatimi, don haka dole mai allura ya riƙa tunani a baibai.

Abin lura shi ne, natsuwar da ke cikin hoton ba allura ce ta zana ta ba. Allura layi kawai ta iya, layi kuwa motsi yake nunawa. Shi ya sa Jongkind ya tara karce-karcensa a jikin jirage da dogayen sandunansu, ya ɗan ja wasu gajerun layuka a ƙarƙashinsu, ya ƙyale sauran. Farar takardar nan ita ce ruwa, ita ce hasken rana. Gwanintar tana wajen sanin inda za a ɗage hannu.

Wani zai ce ai masu salon Impireshanizim, waɗanda ake danganta Jongkind da su, da launi aka san su, me ya haɗa su da baƙi da fari? Gaskiya ne Jongkind bai shiga nuninsu na farko a Paris a 1874 ba. Amma abin da suke farauta shi ne haske yadda ido ya riske shi nan take, launi hanya ce kurum. Claude Monet, ɗaya daga cikinsu, wanda ya haɗu da shi a 1862, da bakinsa ya amsa cewa Jongkind ne ya ƙarasa horar masa da ido. Masu cewa bugu kwafi ne su ma sun yi gaggawa: faranti ba shi ne hoton ba, hoton ba ya samuwa sai an buga, kuma yawan tawadar da aka bari yana sauya kowane bugu.

Saboda haka, in ka samu irin wannan zane a gabanka, kada ka tsaya ƙirga jirage. Fara duba inda mai zanen ya ƙi taɓawa.