Injin ban ruwa a hannun bakanike

Duk wanda ya san fadamar Auyo da rani ya san ƙarar injin ban ruwa. Akwai gonakin da magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗejia suke shayarwa, amma manoma da yawa da ɗan injinsu suke jawo ruwa daga kogi ko rijiya. A ce injin wani ya tsaya cak a watan Afrilu, shinkafa ta yi ciki, rana kamar ta fasa kai. Ya ɗaure shi a bayan babur ya kai wa bakanike a Haɗejia. Bakanike ya kwance, ya ce ringi ne, "Baba, jibi ka zo ka ɗauka." Jibi ta zama mako biyu. Ranar da injin ya koma bakin ruwa, ƙasa ta tsage, zangarniya ta yi fari, an tashi da ƙaiƙayi.

In maganar ta kai kotu a matsayin ƙarar neman haƙƙi, kashi biyu alƙali zai raba asarar. Akwai ta kai tsaye: kuɗin gyaran da aka biya, kuɗin hayar wani injin a kwanakin jira, ko kuɗin injin kansa in a shagon ya lalace. Wannan ba a cika ja a kanta ba, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta riga ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa. Sai asarar da ta biyo baya: shinkafar da ta ƙone, bashin takin da aka kasa biya, cinikin da ya suɓuce. A nan gardama take, domin sau da yawa wannan ta ninka kuɗin injin.

Ma'aunin da manyan kotunan Nijeriya suke aunawa da shi daga Ingila aka gado shi, kuma shi ma a kan inji aka kafa shi. Shari'ar Hadley da Baxendale ce ta 1854. Hadley yana da injin niƙa a garin Gulosta. Sandar ƙarfen da ke juya injin ta karye, aka ba kamfanin dako na su Baxendale ya kai ta wurin maƙera a Girinic su ƙera sabuwa a kan samfurinta, ladan dako fam 2 da sule 4. 'Yan dako suka yi jinkiri, niƙa ya tsaya na ƙarin kwanaki, Hadley ya nemi ribar da ya rasa. Kotun sama, ta bakin Alƙali Alderson, ta ƙi. Ta ce abu biyu ake biya: asarar da bisa al'ada takan biyo irin wannan saɓa alkawari, da wadda ɓangarorin biyu suka san tana iya faruwa tun lokacin da suke ƙulla magana. Masu injin niƙa kan ajiye sandar ko-ta-kwana, don haka ɗan dako ba shi da dalilin ɗauka cewa aiki ya tsaya.

To, bakaniken Haɗejia ba ɗan dakon Gulosta ba ne. Mutumin da shagonsa ke cika da injinan ban ruwa kowane rani, ya ga wannan da laka ɗanya a jikinsa, da wuya ya ce bai san akwai shuka tana jira ba. A ganina alƙalin da ya san yankin zai lissafa wani kaso na amfanin gonar cikin asarar da aka saba gani. Abin da ake kira "al'ada" a wannan ma'auni yana bin wuri da lokaci: injin da aka kai gyara a Agusta, ana tsakiyar damina, hukuncinsa daban ne.

Amma a ce manomin ya yi yarjejeniya da wani kamfanin iri zai sayi shinkafar da tsada fiye da kasuwa, bai kuwa gaya wa bakanike ba. Wannan ƙarin ba zai samu ba. Haka aka yi a Ingila a 1949 da kamfanin wanki na Victoria, wanda aka yi masa jinkirin kawo tukunyar tururi wata biyar. Kotu ta yarda a biya shi ribar wanki ta yau da kullum, ta hana shi ribar wata kwangilar rini mai tsoka da gwamnati, saboda masu sayar da tukunyar ba su san da ita ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma kotu ba ta ɗora wa bakanike karatun fuska. Da manomin ya ce, "Malam, shinkafata ta yi ciki, ta kamfani ce, ba ni da wani injin, in ta kwana biyar ba ruwa na shiga uku," bakanike kuma ya karɓi aikin a haka, da maganar ta sauya. Kuma a lokacin miƙa injin ake faɗa. Faɗin da aka yi bayan mako guda ana cacar baki ba ya shiga lissafi.

Wasu na ganin wannan tsauri ne a kan wanda aka cuta. Ni ban ga haka ba. Mai karɓar ladan canza ringi bai sayar wa kowa inshorar gona ba. In an sanar da shi nauyin da ke kan aikin, yana da zaɓi: ya ajiye sauran ayyuka, ya ƙara kuɗi, ko ya ce a gwada shagon gaba. Inda nake da ƙorafi shi ne takardun kwangila na kamfanoni, masu sayar da injin sola ko masu haƙa rijiya, da ake saka layi da ƙananan haruffan Turanci cewa ba su ɗauki asarar da ta biyo baya ba, manomi ya dangwala yatsa ba a karanta masa ba.

Ko an haye duk wannan, saura hujja. Irin wannan diyya sai an zayyana ta dalla-dalla a takardar ƙara, an kuma tabbatar da ita. "Na yi asarar buhu 40" ba ta wadatar ba. Gonar kadada nawa ce? Bara nawa ta ba da? Wa ya je ya gani kafin a nome ta? Lauyan wancan ɓangare zai tambaya ko tsuntsayen jan-baki ne suka cinye, ko ciyawar kachalla ce ta toshe hanyar ruwa tun farko, kuma a Auyo duka biyun ba baƙon abu ba ne. Zai ƙara da tambayar da ta fi ciwo: ganin bakanike yana ja maka rai, me ya hana ka ari injin maƙwabci ko ka yi haya? Doka tana son wanda aka cuta ya rage asararsa gwargwadon iko. In akwai injin haya a ƙauyen, da kuɗin a aljihu, ya zauna jiran jibi, kuɗin hayar kaɗai za a lissafa masa. Shi ya sa mai wayo, tun ganye ya fara naɗewa, yake kiran mai unguwa da malamin gona su zo su ga gonar, ya ɗauki hoto da waya, ya adana rasidin taki da na fetur.