Injin Sassaƙa Ƙarfe Mai Bin Umarnin Kwamfuta a Hannun Masu Sha'awa

Sarrafa ƙarfe ta hanyar sassaƙa, wato a ɗaure dunƙulen ƙarfe a riƙa rage shi da wuƙa mai juyawa har siffar da ake so ta fito, kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume, tsohuwar sana'a ce a masana'antu, sai dai a da hannun ma'aikaci ne ke murɗa injin, idonsa kuma ke bin awo. Fasahar da ake kira CNC a taƙaice ita ce wadda ta miƙa wannan murɗi ga kwamfuta, ta yadda wuƙar ke tafiya dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa, bisa lissafin da aka riga aka rubuta mata.

Asalin fasahar na komawa ga John Parsons na jihar Michigan ta Amurka, wanda a ƙarshen shekarun 1940 shi da abokin aikinsa Frank Stulen suka yi amfani da katuna masu huji wajen lissafin siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojan saman Amurka ta ɗauki nauyin ci gaban aikin, kuma a 1952 aka nuna injin farko a jami'ar MIT, yana karanta umarni daga tef mai huji. Daga baya aka daidaita harshen da ake yi wa injin magana da shi, wanda ake kira G-code, kuma har yau da shi ake aiki: G00 na nufin wuƙa ta garzaya wani wuri ba tare da yanka ba, G01 ta yanka a miƙe, G02 ta yanka a lanƙwashe, M03 kuma ya tayar da sandar da ke juya wuƙar.

Shekaru da dama wannan fasaha ta kasance ta manyan masana'antu kaɗai, domin na'urar sarrafa injin tana da ɗan karen tsada. Abin da ya buɗe ƙofa ga masu yin aikin don sha'awa shi ne arahar kwamfuta da samuwar manhajoji na kyauta. Hukumar kula da ma'auni ta Amurka, NIST, ta rubuta wata manhaja a shekarun 1990 ta bar ta ga kowa, ita ce ta zama LinuxCNC, sannan a 2009 wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya fitar da Grbl, wadda ke aiki a kan ƙaramin allon lantarki na Arduino da bai wuce tafin hannu ba. Da waɗannan ne mutane suka shiga sayen ƙananan injuna na hannu, yawanci ƙirar Sin, suna ɗaura musu injinan lantarki a gareji ko a bayan gida.

Galibi injinan da ake ɗaurawa masu taku-taku ne, ma'ana ba sa juyawa a sake, sai dai su yi taku ɗaya duk lokacin da kwamfuta ta aiko da bugun lantarki, kuma taku 200 ne ke cika zagaye guda. Idan aka haɗa irin wannan da sandar sukuru mai tura teburi milimita 5 a kowane zagaye, kowane taku zai matsar da ƙarfen milimita 0.025, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. A takarda wannan awo ne mai ban sha'awa, amma a aikace akwai ɗan sako-sako tsakanin sandar da notinta, wanda kan sa teburi ya makara kaɗan duk sa'ad da aka juya alkibla, sai da'ira ta fito a karkace. Haka kuma irin wannan inji ba ya sanar da kwamfuta in ya rasa taku, don haka idan nauyi ya fi ƙarfinsa, ko wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar aiki, dole a sake nemo mafarin awo, in ba haka ba aikin ya lalace.

A nan ne ainihin wahalar take, kuma ita ce sababbin shiga suka fi rainawa. Kwamfuta ta yi araha, amma taurin ƙarfe yana nan yadda yake. Yayin yanka, ƙarfen yana ture wuƙar da ƙarfi, idan kuwa gangar jikin injin ba ta da nauyi da tsauri sai ta lanƙwasa ta fara karkarwa, a ji ƙara mai tsanani, fuskar aikin ta yi zane-zane, wani lokaci ma wuƙar ta karye. Dalili ke nan da ya sa injunan masana'antu ake zuba su da baƙin ƙarfe mai nauyin tan-tan, ya kuma sa ƙaramin inji mara nauyi yake iya katako da roba, ya lallaɓa da alminiyom da tagulla, amma ya gaza a kan ƙarfe mai tauri. Hikima ce mai sha'awa ya fara zuba kuɗinsa a kan nauyi da tsaurin inji kafin ƙawar manhaja.

Sai kuma sanin saurin juyawa da saurin turawa, wanda ya bambanta daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Mafi yawan zafin yanka yana fita ne tare da ɓarɓashin da wuƙa ke cirewa, saboda haka wanda tsoro ya sa ya tura wuƙa a hankali fiye da kima yana goga ƙarfen ne kawai, zafi ya taru, kaifi ya dushe. Alminiyom yana son sauri, amma yakan manne a bakin wuƙa idan ba a kore ɓarɓashin da iska ko ruwan sanyaya ba, ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa ƙara tauri yake yi a daidai inda aka goge shi. Ɓarɓashin nan mai zafi ne mai kaifi, shi ya sa ba a aiki sai da tabarau na kariya, ba a kuma kusantar sanda mai juyawa da safar hannu ko riga mai yalwa.