HALIN KIRKI DA AIKI DA HANKALI

Kwanan baya na zauna a Tudun Wada ta Zariya, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, na sake karanta littattafai biyu. Abin da na tsinta ciki shi na ke so in ɗan gutsura wa malaman makaranta da ma'aikatan ofis.

Na farko shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa cikin 1937. Kowa ya san halin aku, abin da aka faɗa masa shi ya ke maimaitawa. Amma akun Imam dabam ya ke. Da Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci don a fitar da Musa ɗan Sarki daga gida a hallaka shi. Aku ya auna al'amarin da kansa, ya yi ta tsare yaron da labaru har Sarki ya komo. Da ya tsaya ga maimaita maganar manya kaɗai, da Musa ya salwanta.

Na biyu shi ne Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta cikin 1813. A ciki ya ba da labarin yadda, ana tsakiyar jihadi, ya ga waɗansu sun karkata ga neman mulki da dukiya. Zuciyarsa ta ƙi, ya bar runduna ya nufi Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki da adalci, sa'an nan ya koma wurin Shehu. Watau ya ƙi ɓarnar da ya gani, amma bai yar da jama'arsa ba.

To, jama'a, mu fa? An hore mu da biyayya tun muna yara, abu ne mai kyau kuwa. Amma in babba ya ce wa akawu ya sāke lissafin kuɗin jama'a, ya sāke, ya ce ai umurni aka ba shi, wannan tsoro ne ya sa rigar ladabi. Ran da asiri ya tonu, hannun da ya rubuta shi a ke kamawa. Haka kuma malamin da ke tsawata wa yaro don ya tambayi dalili, shi ke renon irin wannan akawu.

Saboda haka malami ya riƙa tambayar yara in sun gama karatu, "Da kai ne, me za ka yi?" Ya saurari amsa, ya gyara da hujja. Akawu kuwa ya koyi cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne," da murya ƙasa-ƙasa, ba da raini ba.

Allah ya ba mu ikon ganin gaskiya da binta, amin.