Abin da ɓerayen Kiyoto suka riga suka nuna

Kwana 12 bayan an ɗaura mata ruwan farko na maganin ciwon daji, wata mata 'yar shekara 65 ta koma asibiti a Amurka da ciwon ƙirji da kasala, numfashi na yi mata wuya. Dajin fata ne da ita, wanda ake kira melanoma, ya riga ya bazu a jiki. Kafin a kwana biyu bugun zuciyarta ya rikice. Aka yi mata allurai masu ƙarfi na kashe kumburi, amma rai ya yi halinsa. Wani dattijo ɗan shekara 63 shi ma haka, nasa ya fara da ciwon jiki a kwana na 15.

Magunguna biyu aka haɗa musu, ipilimumab da nivolumab. Waɗannan ba sa kashe ƙwayar daji da kansu. Sojojin garkuwar jiki suna da takunkumi da ke hana su cizon mai gida, to shi maganin yake kwancewa don su far wa dajin. Da aka duba gawarwakin, sai ga sojojin sun cika naman zuciya maƙil, har cikin zaren da ke ɗaukar saƙon bugu. Abin mamaki, irin sojojin da aka gani a cikin dajin, su ɗin ne a cikin zuciya.

Likitocin Jami'ar Vanderbilt suka buga labarin a watan Nuwamba 2016. Cikin mutum 20,594 masu karɓar irin wannan magani da aka bi bayanansu, 18 kacal aka samu da mummunan kumburin zuciya, shi ya sa abin ya daɗe yana ɓoye.

Sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai ɓeraye ne. Tun 2001, a ɗakin binciken Tasuku Honjo da ke Kiyoto ta Japan, an cire wa wasu ɓeraye wannan takunkumi mai suna PD-1, zukatansu suka buɗe suka saki, suka yi ta mutuwa da ƙuruciya. Shekara 15 ke nan kafin a buga labarin matar nan.

Maganin dai bai faɗi ba, don ya ceci ɗimbin mutanen da a da an sallama su, har Honjo da wani masani, James Allison, suka karɓi kyautar Nobel a 2018. Yanzu likitocin zuciya kan ce a ɗauki zanen bugun zuciya, a gwada sinadarin troponin a jini, tun kafin a ɗaura ruwan farko.