Allurar Vom Ce Ginshiƙin Kasuwar Shanu Ta Potiskum

Duk wanda ya shiga karar Potiskum ranar da take ci, zai ga abin da ya sa ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Ana koro shanu daga ƙasar Barno da Nijar da Chadi, ana loda su a manyan motoci zuwa Ikko da Badun da Fatakwal. Dillalai da mahauta da 'yan lodi da direbobi da masu sayar da dusa duk a nan suke samun abinci, ƙaramar hukuma kuma tana karɓar kuɗin shiga.

Amma jigon wannan arziki yana can Vom, kusa da Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi cikin 1924 musamman don yin maganin ciwon bushiya. Wannan annoba ce ta kusa ƙarar da shanun ƙasar nan wajen 1890, ta bar Fulani da yawa da sanda kawai a hannu.

Daga 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai, ma'aikatan dabbobi suka bi ruga ruga suna allura, suna yanka kunnen kowace saniya da aka yi wa don shaida. Ciwon ya lafa, garke ya cika, ciniki ya buɗe. Da aka ga sauƙi sai aka yi sakaci, aka daina bin 'yan maruƙa da allura. Cikin 1983 bushiya ta komo ta gabas, ta kashe shanu dubbai, kasuwanni suka mutu. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta hasarar Nijeriya kaɗai a kan dala miliyan dubu biyu. Sai da aka sake gangami daga 1986 kafin a shawo kanta, har aka yi shelar kawar da ita daga duniya cikin 2011.

Yau ma'aikatar Vom tana yin allurar ciwon huhu da ta saifa da ta harbin daji, da kuma ta tumaki da awaki da kaji. Kuɗin allurar sa guda bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da kuɗin san kansa. Wahalar tana wajen isar da ita, domin yawancin irin wannan magani ba ya jure zafi. In aka rasa wuta ko ƙanƙara a hanya, sai a yi wa dabba allurar da ƙarfinta ya riga ya tafi.

Ciwon huhu kuwa har yanzu yana nan, kuma kara wuri ne da shanun ƙasashe dabam dabam ke cuɗanya. Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Jihar Yobe, wadda ke cin moriyar wannan kasuwa, ta riƙa ware kuɗin allura da na ajiyarta kowace shekara, kada a jira sai shanu sun fara faɗuwa kamar yadda aka yi cikin 1983.