Me ke sa shirin talabijin mai dogon zango ya lalace, kuma laifin wa ne?

Abu ne da masu kallon shirye-shirye masu dogon zango suka saba gani: shiri ya fara da armashi, ya yi shekaru yana jan hankali, daga bisani ya koma lami. Galibi 'yan wasa ake fara zargi, alhali ɗan wasa abin da aka rubuta masa yake furtawa. Tushen matsalar yakan kasance a wurin masu yanke hukunci kan tsawon shirin, domin labari yana da iyakar da zai iya ɗauka, kuma lissafin kuɗi bai cika la'akari da wannan iyaka ba.

Hanya ta farko ta lalacewa ita ce jan labari fiye da kima. A Amurka, manyan tashoshi sun daɗe suna neman kashi 22 ko fiye a kowane zango, kuma shirin da ya kai kashi 100 ya fi saurin samun masu sayensa don sake nunawa. Saboda haka tasha ba ta son sakin shirin da ke kawo mata tallace-tallace. Shirin Lost na tashar ABC, wanda aka fara a 2004, ya faɗa wannan hali a zangonsa na uku, inda masu kallo suka riƙa ƙorafin cewa labarin yana kewaye wuri guda. Sai a 2007 marubutansa suka cimma matsaya da tashar cewa za a kammala shi a 2010.

Hanya ta biyu ita ce gaggawa. Shirin Game of Thrones na HBO, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2019, an gina shi ne a kan littattafan George R. R. Martin. A zango na shida shirin ya wuce inda littattafan suka tsaya, domin marubucin bai fitar da sabon littafi a jerin ba tun 2011. Masu tsara shirin, David Benioff da D. B. Weiss, suka rage kashi goma da aka saba zuwa bakwai a zango na bakwai, sannan shida a na takwas, duk da cewa HBO ta nuna tana son ƙari. Halayen da aka shekara bakwai ana ginawa suka sauya cikin 'yan mintuna. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon ƙarshe.

Masu kallo ma suna da nasu kason. Kashin ƙarshe na wannan shiri ya kafa tarihin yawan masu kallo a HBO, kuma zangon ya lashe lambar yabo ta Emmy. Muddin ana kallo, tasha ba ta ganin dalilin gyara.

Duk da haka, kaso mafi girma na laifin yana wuyan masu iko da tsawon shiri, wato tashar da masu tsarawa. Shirin Breaking Bad ya nuna abin da ke yiwuwa idan ɓangarorin biyu suka amince da lokacin rufewa tun da wuri: an kammala shi a 2013 bayan kashi 62, kuma zangonsa na ƙarshe ne ya fi samun yabo.