Targaɗe, Gocewa da Karaya: Kalmomi Uku a Filin Wasa

Idan ɗan wasa ya faɗi yana riƙe da idon sawu, kalmar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a ita ce "targaɗe". Amma fa Hausa ta rarrabe raunuka uku, ilmin likita kuwa ya yarda da wannan rabo. Targaɗe shi ne jijiyar da ta ɗaure ƙashi da ƙashi ta miƙe fiye da kima ko ta yage, alhali gaɓa tana mazauninta. Gocewa ita ce kan ƙashi ya bar gurbinsa, kamar yadda kan faru ga kafaɗar ɗan kokawa. Karaya kuwa, ƙashin ne kansa ya tsage ko ya rabu.

Ido kaɗai ba ya rarrabe su, domin kowanne yana kawo kumburi da zafi. Saboda haka a 1992 likitocin Otawa ta Kanada suka fitar da ƙa'ida game da idon sawu: in mai rauni ya kasa taku huɗu, ko ya ji zafi da aka danna bayan ƙashin, sai a ɗauki hoton ƙashi. In babu ko ɗaya, galibi targaɗe ne, watau maganinsa hutu, da ƙanƙara cikin tsumma ta minti 15 zuwa 20, da ɗauri, da ɗaga ƙafa.

Lalle malamin wasanni ya san nauyin kalmar da zai furta. Wanda ya kira karaya targaɗe, har aka ja ƙafar yaro da sunan gyara, yana iya bar masa ɗingishi muddin rai.